Sai An Gaida Iya Delu

A cikin mutum talatin da bakwai da ke shiga Zaure, babu ko ɗaya da ya yarda ya zama mai magani. Wannan ce matsalar da Ilisha ya ɗauko tun daga Ikara ya kai wa Malama Murja har Makarfi, wata Asabar da hantsi, a kan babur, da kwamfuta a jakar goyo.

Ilisha mai gyaran waya ne. Shi ya buɗe wa abokansa saba, wato ɗakin haɗuwa a intanet, ta wani gem na Turawa, suka raɗa mata suna Zaure. Gem ɗin wata ƙasa ce ta almara mai duwatsu da koguna da dodanni, kuma masu shi sun bai wa kowa dama ya buɗe nasa ɗakin, ya gyara labarin yadda ya ga dama. Kowa da wayarsa yake shiga, ya zaɓi ko shi wane ne a cikin ƙasar, maharbi ko ɗan kasuwa ko mayaƙi, ya riƙa magana da bakin wannan mutumin. Akwai teloli a ciki, akwai masu sayar da taki, akwai ɗalibai da ma'aikatan jinya, daga Ikara da Makarfi da Kudan. Duk Asabar bayan La'asar suke haɗuwa.

Murja kuwa malamar Hausa ce a wata sakandare. Tare suka yi karatu da Ilisha a Zariya, kuma tun a can ya san ta da iya rubutu da kuma raina duk abin da ake kira gem.

Sai da ya gaida mahaifiyarta, ya sha ruwa, sannan ya buɗe jakar ya fito da takardu kusan sittin ya ajiye a kan tabarma.

"Malama, wannan shi ne tarihin ƙasar yadda masu gem ɗin suka rubuta. A ciki sun ce alloli shida ne suka yi ta. To in mutum yana so ya zama mai magani, dole ya je ɗakin bautar ɗaya daga ciki, ya rubuta wasu kalmomi na roƙo, sannan a ba shi maganin."

"Subhanallahi," in ji Murja.

"Abin da ƙanenki Bilya ya ce ke nan. Ya kai har ƙofar, ya karanta abin da ake so ya rubuta, ya yi a'uziyya ya fice. Na ce to Judith ta karɓa, tunda dama aikin jinya take yi a Kudan. Ta ce ita da ke waƙa a coci ranar Lahadi? Ni ma da na buɗe Zauren, ba zan rubuta ba. Mako uku ke nan, Malama, duk garin ɗingishi ake yi. Ja'afaru tela, shi ne sarkin yaƙinmu, sau goma sha ɗaya yana mutuwa."

Murja ta yi dariya har sai da ta dafe ƙirji. Bilya ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne, yana harkar hatsi a Likoro, kuma ba ta taɓa sanin yana cikin wannan sha'ani ba.

"Yanzu me kake so in yi?"

"Ki gyara mana labarin. Ni zan iya sauya duk kalmar da ke cikin injin, amma ban san me zan sa ba."

Ta ce aikin minti talatin ne. Da ya tafi ta ɗauko jan biron da take makin jarrabawa da shi, ta bi takardun shafi-shafi, duk inda ta ga an ambaci ɗaya daga cikin shidan ta ja masa layi. Ɗakin bautar ta mai da shi kantin magani. Ta ɗauki hoton shafukan ta tura wa Ilisha kafin azahar.

Asabar da ta biyo, tun kafin magariba saƙonni suka fara shigo mata. Ilisha ne ke turo tambayoyin 'yan Zaure. To wa ya karya gadar da ke tsakanin garuruwan biyu? Me ya sa dutsen arewa ke hayaƙi? Mutanen gabas da na yamma, me suke faɗa a kai? Wani ya ce ya shiga kantin maganin ya fito, kamar ya je sayen ashana. Na ƙarshe muryar Bilya ce, ana jin ƙarar injin niƙa a bayansa.

"Yaya Murja, Allah Ya saka da alheri, amma fa kin zare wa rumfa ginshiƙai kin ce mu shiga mu sha inuwa."

Maganar ta yi mata zafi, musamman da ta san gaskiya ce. Da ɗalibinta ne ya kawo mata labari mai ramuka haka, da ta rubuta masa "sake" a ƙasa. Ta ajiye jan biron, ta ɗauki takardun ta karanta su a karon farko kamar mai karatu.

Abin da ta tarar ya ba ta mamaki. Waɗannan da ake ta kambamawa, babu abin da suke yi sai ƙananan rigingimu. Na wuta ya yi fushi don an yi biki ba a gayyace shi ba. Na ruwa ya karya gada don an daina kula shi. Akwai wani mai baki biyu da ke kai gulma tsakaninsu. Ta rufe takardun tana jin kamar ta san mutanen nan a wani wuri, amma ta kasa tuna ina.

Ranar kasuwa mahaifiyarta ta aike ta ta karɓo wuƙar da ta bayar a yi wa ƙota wajen Maiwada maƙeri. Tun daga nesa ta ji hayaniya. Inuwa mahauci ne, wanda rumfarsa ke jingine da maƙerar shekara da shekaru, tsaye da wuƙa a hannu yana nuna wa jama'a.

"Ku duba don Allah! Wannan ko kabewa ba za ta yanka ba. Wai shi maƙeri!"

Maiwada bai ko ɗago daga kan uwar maƙera ba. "Wuƙa lafiyarta lau. Hannun ne ya tsufa."

"Hannuna? Ni da na girme ka da wata biyu kacal?"

"To ka ji. Ka girme ni."

Inuwa ya rantse daga yau ya daina kawo aiki nan, gara ya hau mota ya tafi Kudan. Maiwada ya ce a gaida mutanen Kudan. Murja ta gaishe su, ta zauna a benci tana jiran a nemo wuƙarta. Ba a yi minti goma ba sai ga Inuwa ya dawo da balangu a takarda, ya dangwarar a gefen maƙerar. Maiwada ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna, ya ce, "Gishiri ya yi yawa." Sannan ya jawo wuƙar Inuwan ya fara wasa ta.

Murja ta buɗe jaka ta zaro takardun Ilisha, ta juya bayansu, ta fara rubutu a nan kan bencin. Har aka kawo mata wuƙar ba ta lura ba.

Kwana huɗu ta yi tana aikin, tsakanin darasi da darasi. Shidan nan ta mai da su mutane, 'yan uwa ciki ɗaya, tsofaffi masu sana'a da suka kafa garuruwan ƙasar, kuma har yanzu suna nan da ransu da rigimarsu. Na wuta ya zama maƙeri, dutsen arewa kuwa maƙerarsa ce da ba ta mutuwa, shi ya sa hayaƙi. Na ruwa ya zama mai fito. Tun da aka gina gada mutane suka riƙa wucewa ta samansa ko sannu babu, shi kuwa wata rana ya kwance mata igiyoyi. Mai baki biyun bai ba ta wahala ba, dillali ta sa masa. Wanda ya ɗaure mata kai shi ne na mutuwa. Ta yi kwana guda tana juya shi, daga baya ta mai da shi mai gadin ƙofar gari, kurma, wanda in ya rufe ƙofa ko wa ke bugawa ba ya ji.

Mai ba da magani a cikin shidan kuwa ta zama autarsu, Iya Delu, tsohuwar ungozoma mai gida a bayan gari, rataye da saiwoyi da sassaƙe-sassaƙe. Babu roƙo, babu durƙuso. Abu ɗaya kawai take so, a yi mata sallama a gaishe ta yadda ya kamata.

Ilisha ya karanta ya kira ta yana ihu don murna. Ya shigar da komai, ya shirya wa tsohuwar amsoshin da za ta riƙa bayarwa da kanta, ya turo wa Murja ta gani. Ta karanta: "Barka da zuwa. Ga maganinka. Sai an jima."

Ta kira shi. "Ilisha, a ina ka taɓa jin tsohuwa ta yi magana haka? Wannan ai na'urar cire kuɗi ce."

"Iyakar abin da inji zai iya ke nan, Malama. In ana son ta yi magana kamar mutum, sai mutum ya zauna a bayanta."

"To a samo wani."

"Wa ya san bakinta in ba ke ba?"

Ta ce ita ba ta da lokacin wasan yara. Ya ce haka ne. Ta ce ko yadda ake shiga ma ba ta sani ba. Ya ce ai ya riga ya turo mata, ta duba wayarta.

Asabar bayan La'asar Murja ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar mangwaron gidansu, ta sa abin ji a kunne. A fuskar wayar ga wata 'yar tsohuwa zaune a ƙofar bukka. Ilisha ya sanar cewa yau dodon dutse zai sauko wa garin Gamji, kuma an samu mai magani, Bilya ya karɓa. Aka yi ta shewa. Bilya ya ce a yi masa uzuri in muryarsa na yankewa, yana kan buhunan masara ne a sito, can saman kusa da kwano, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa.

Dodo ya sauko. Murja ba ta ganin yaƙin daga bayan gari, amma tana jin sa a kunne. Ja'afaru na ba da umarni, wani na kururuwa an taka shi, Judith na cewa a ja baya. Can sai ga mutumin Bilya ya faɗo gidan a guje, ko tsayawa a ƙofa bai yi ba. Rubutu ya fito:

"Iya magani sauri"

Murja ta gyara zama. Ta sa tsohuwar ta juya masa baya, ta rubuta: "Wa ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shigo?"

A kunne ta ji Bilya ya ce, "Kai! Yaya Murja, mutane na mutuwa fa!"

Ba ta amsa da murya ba. Ta rubuta: "Ban san wata Murja ba. Ni Delu nake."

Mutumin Bilya ya fita, ya tsaya a ƙofa. "Salamu alaikum."

"Amin, alaikumus salam. Wane ne?"

"Ni ne mai magani. Ina wuni, Iya?"

"Lafiya lau. Ɗan gidan wa?"

Bilya bai taɓa tunanin mutuminsa na da uba ba. Sai ya rubuta sunan da ya fara zuwa masa.

"Allah sarki! Ai ni na yanke maka cibi. Ya mahaifiyarka? Ƙafar tata ta yi sauƙi?"

"Ta yi sauƙi Iya magani"

"Madalla. Ya aka ji da kaka? An ce wajenku dawa ta yi kyau bana."

A kunne Ja'afaru ya yi wata ƙara, ya ce, "Sha biyu!" Daga nan dariya ta ɓarke. Wani yana dariya har yana tari. Judith ta ce ta yar da kwari da bakanta, ba za ta iya riƙewa ba. Kafin Iya Delu ta gama tambayar lafiyar awakin gidan su Bilya ta miƙo ƙullin magani, dodo ya riga ya zauna a tsakiyar kasuwar Gamji, babu mai rai ko ɗaya a garin.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. Mutum uku suka fita ba sallama. Washegari Ilisha ya kira ta, yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ko za a rage gaisuwar ta koma layi biyu. Murja ta ce za ta duba. Da ta kashe wayar sai ta ji ba daɗi. Mutane sun sayi data, sun bar ayyukansu, ita kuma ta zo rana ɗaya ta rusa musu gari don ta ji daɗin bakinta. Ta yanke shawara in Asabar ta zo za ta miƙa maganin kawai.

Ranar Talata tana ɗakin malamai lokacin hutun tara, wayarta ta yi ƙara. Wani ne a ƙofar Iya Delu. Ta duba, mutumiyar Judith ce, maharbiya mai kwari a baya.

"Salamu alaikum, Iya. Ina kwana? Ina gajiya?"

Murja ta waiga, babu mai kallonta. Ta rubuta: "Lafiya lau, 'yar nan. Me aka zo nema?"

"Babu komai, Iya. Wucewa na zo yi na ce bari in leƙo ki. Na ga randarki babu ruwa."

Maharbiyar ta ɗauki tulu, ta gangara rafi, ta dawo ta cika randar. Sannan ta zauna ta tambayi tsohuwar me ya haɗa yayanta maƙeri da mai fito. Murja ba ta rubuta wannan a takarda ba. A nan take ta ƙirƙiro shi, labarin wata sarƙar kwalekwale da aka yi alkawarinta tun suna samari. Har aka kaɗa ƙararrawa suna hira. Judith ta ce ita ma hutunta ya ƙare, akwai masu jiran allura.

Ta dawo ranar Laraba. Ta dawo ranar Alhamis da itace.

Asabar dodo ya sake saukowa kan garin da aka gyara. Wannan karon Bilya ya shirya. Ya rubuta gaisuwar gaba ɗaya a wani wuri, yana kwafowa yana liƙawa layi-layi, har da amsar tambayoyin da ba a yi masa ba tukuna.

"Ƙafar ta yi sauƙi," ya aiko.

"Ƙafar wa?" in ji Iya Delu. "Ni kunnen kakarka zan tambaya."

Yana cikin lalube sai ga maharbiya ta shigo a guje, jini ya kusa ƙare mata. Ba ta kai ga buɗe baki ba, tsohuwar ta nuna mata wani babban ƙulli da ke rataye a bakin ƙofa.

"Tun jiya na ɗaure miki. Ɗauki ki tafi, 'yar nan, kya gaishe ni in kin dawo."

Judith ta sure ƙullin ta juya. Murja ta ji yaƙin ya sauya a kunnenta. Waɗanda suka faɗi suna tashi, Ja'afaru na kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa a zagaye ta hagu. Sai wata ƙara mai kama da rushewar katanga, sai ihu. Mahaifiyar Murja ta leƙo daga ɗakin girki ta ga 'yarta, malamar makaranta, tsaye a kan tabarma tana tsalle da waya a hannu. Ta girgiza kai ta koma.

"Wannan son kai ne ƙiri-ƙiri!" Bilya ke faɗa. "Ni ne fa mai magani! Ni ne kuma ɗan uwa!" Ana cikin haka aka ji wani gurum, muryarsa ta ɗauke. Bayan minti biyu ya dawo ya ce babu komai, buhu ne ya zame da shi.

Daga wannan makon gidan Iya Delu bai sake zama shiru ba. Masu kawo itace, masu gyara mata danga, masu zuwa jin gulmar 'yan uwanta. Wasu ma suka daina fita yaƙi, suka kafa 'yar kasuwa a ƙofar gidan. Mutum ukun da suka yi fushi biyu sun dawo, na ukun ya koma wani gem na tseren mota. Sai da Murja ta kafa doka cewa tsohuwa na barcin rana daga ƙarfe takwas zuwa biyu, ranakun makaranta, ban da lokacin tara. Bilya ya riƙe matsayinsa na mai magani, kuma ya ƙirƙiro wa mutuminsa dangi har kakanni uku don kada a sake ritsa shi.

Sauran 'yan uwan biyar dai injin Ilisha ne ke magana da bakinsu, kuma kowa na ƙorafi a kai. Wata rana a ɗakin malamai Murja na gyara amsoshin mai fito, ba ta san Malam Lawal na lissafi yana tsaye a bayanta ba. Mutum ne da ɗalibai ke canza hanya in sun hango shi, kuma a shekara shida da suka yi tare ba ta taɓa ganin haƙoransa ba.

"Wannan ba daidai ba ne," ya ce.

Ta yi sauri ta kife wayar. "Malam, wani ɗan aiki ne na..."

"Mai fito ba ya cewa a shigo a zauna. Cewa yake a taka tsakiya, kada a taka baki. Kuma ba ya barin mai kaya ya riga mai goyo shiga." Ya gyara tabarau. "Mahaifina shekara talatin yana tuƙa kwalekwale. Miƙo in gani."

Ta miƙa masa. Ya ja kujera ya zauna, ya karanta tarihin gadar tun daga farko, yana gyaɗa kai. Da ya kai inda mai fito ya kwance igiyoyin, sai ya ce a hankali, "Ya yi daidai."

A lokacin wani ɗan Zaure ya iso bakin kogin, ya rubuta cewa yana sauri, a ƙetare da shi. Malam Lawal ya dubi Murja. Ta nuna masa inda ake rubutu da bakin mai fito. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya fara danna haruffan a hankali, kamar mai cika takardar sakamako.

"Mai sauri," ya rubuta, "ya bi ta gada."